Kunkurun da Ya Yi wa Matan Unguwa Fito

Cekura Jara mai gyaran keke ne a Segu, kuma duk unguwarmu an shaide shi da kunya. In mace ta kawo masa keke, da keken yake magana. Sai ya durƙusa ya tambayi taya, "Me ke damunki?" mai keken kuma ta amsa daga gefe. Matarsa Nyagale ta sha faɗa mana cewa sai da ta yaye ɗansu na biyu ya lura tana da wushirya.

Kunkurunsa ya riga Nyagale shiga gidan. Mahaifin Cekura direban babbar mota ne a hanyar Nara. Wata rana taya ta yi faci a gangare, ya laluba ya ɗauko dutse ya tokare motar. Yana cikin kwance noti dutsen ya miƙe ya kama gabansa, mota ta bi gangare da buhunan gero. Tsohon ya dawo gida ba aiki, da kunkuru a hammata. Ya ce wanda ya iya korar mutum daga aiki ba ƙaramin mutum ba ne, ya raɗa masa suna Kumandan. Cekura ya gaje shi tare da akwatin sifana. A lokacin da nake ba da labari Kumandan ya kai girman bahon wanki a kife, sai ƙarti biyu ke ɗaga shi.

Raminsa yana gindin katanga, bayan katangar kuma lungu ne da mata ke bi zuwa famfo. A wata damina mai ruwa ramin ya cika, Kumandan ya kwana a jiƙe. Ba a jima ba duk macen da ta ratsa lungun sai ta ji "fiiit" daga cikin gidan Cekura.

Sitan mai kifi ce ta jagoranci matan. Ina zaune a rumfar Cekura suka iso da bokitansu.

"Nyagale, ina tsohon banzan nan naki? Ashe shiru-shirun na munafunci ne!"

Cekura ya miƙe, idonsa a kan silifas ɗinsa. "Inna Sitan, ni? Haƙoran gaban ma babu, da me zan yi fiton?"

"Da me? Jiya har a dawowata aka yi min. Ni da jikoki!"

Sai ga shi daga gindin katanga: fiiit. Kowa ya waiwaya. Kumandan ne ya miƙo wuya, baki a buɗe, kumfa na fita ta hancinsa.

Sitan ta kalli kunkurun, ta juyo ga Cekura ta ce, "Ai kai ka koya masa. Ba ka iya kallon mace ba, shi ne ka naɗa wakili."

Cekura bai ma ji ta ba. Ya riga ya tsuguna yana share hancin da gefen rigarsa. Sai a lokacin ya tuna ganyen yakuwar da ya zuba masa tun shekaranjiya yana nan ba a taɓa ba.

Nyagale ta ce mura ce, kuma maganin mura sirace. Ta dafa ganyen darbejiya, ta ajiye tukunyar gaban Kumandan, ta lulluɓe su da bargon aurenta. Muna tsaye bargon ya tashi, ya kifar da tukunya, ya fice ta ƙofar gida a hankali. Wani mai tallan gawayi da ya ci karo da bargo yana tafiya yana fito ya watsar da kayansa, har yau bai sake biyowa ta layinmu ba.

Washegari muka ɗora Kumandan a amalanke sai wurin likitan dabbobi, Siriman Tarawele. Zuriyar Jara da ta Tarawele taubasai ne, masu tsokanar juna da bauta da cin wake, kuma a nan ne kawai bakin Cekura ke buɗewa.

"A'a, bawana ne da kansa!" in ji likitan. "Shi ma waken kuka ɗura masa? Na san ku Jara ta ƙasa kuke fito, yaya naku kunkurun yake yi ta sama?"

"Ubangidanka ya zo ko ka miƙe. Duba min shi, ɗan mai satar wake."

Siriman ya duba hanci, ya saurari numfashi, dariyar ta ragu. Ya ce sanyi ya sauka huhu. Sai allurai a ƙafar gaba, da ɗumi dare da rana, a kuma riƙa jiƙa shi a ruwa mai ɗumi don ya sha. In aka yi wasa, zai tafi.

Da ganin allura Kumandan ya shige ciki ya rufe ƙofa da gwiwoyinsa. Aka kawo kankana, ko leƙowa. Cekura ya kwanta rub da ciki yana lallashi: "Ranka ya daɗe, ƙafa ɗaya kawai." Daga ƙarshe na sosa masa wutsiya, ƙafa ta fito, likita ya caka. Sai dai kafin ya janye hannu Kumandan ya koma ciki da babban yatsansa. Aka ja, aka roƙa, ina! Haka Siriman ya zauna a ƙasa ya duba rago da jakin wani da hannu ɗaya, sai da aka kira azahar aka sake shi.

"Ka ga ya san bawa," in ji Cekura.

Saura ɗumi, ga rana ta ƙi fitowa. An gwada kaskon garwashi, ya ture. Sai Cekura ya je ya roƙi Zumana mai gidan burodi ya ba shi aron bayan tanda. Nan ya tare, ya rufe rumfa. Da safe ya jiƙa Kumandan a baho, ya share masa hanci da auduga, ya juya shi kamar mai gashi don kowane gefe ya samu. Ranar allura likita ya zo da yatsa a naɗe, ya tsaya daga nesa yana ba da umarni, ni a wutsiya, Cekura da allura yana ba da haƙuri. Masu sayen burodi kuwa suka ɗauka fiton alamar an sauke ne, da an ji sai layi ya haɗu. Zumana ya gaji da bayani, ya koma sauke burodi da fiton, wani ɗanye, wani ƙonanne.

A hankali kumfar ta ɗauke, fiton ya koma ɗan shaƙi, ya ɓace. Wata safiya aka tarar Kumandan ya cinye rabin malafar Zumana. Cekura ya rungume ragowar malafar yana hawaye a gaban mutane.

Aka mayar da Kumandan gida a amalanke, aka gina masa ɗaki mai rufin kwano. Kafin la'asar ya ratsa kasuwa ya koma gidan burodi. Aka sake mayarwa, ya sake komawa, wannan karon ya haƙa rami a ƙarƙashin tandar. Tanda ta karkace, burodin Zumana ya riƙa fitowa kai ya fi gindi kauri.

Cekura ya gyara gindin tandar da bulo, ya kwaso sifanunsa da tsofaffin tayoyi ya kafa rumfa a ƙofar gidan burodin. Can yake aiki har gobe. Nyagale na kai musu abincin rana, tuwo da miyar kuɓewa na mutum ɗaya, ganye na ɗayan. Ta ce ba ta damu ba, tun da suka koma take shuka yakuwa a tsakar gida tana kuma samun abin tsinka.