Boksin Mijinyawa

Mijinyawa direba ne a Gadarif, yana kwasar lebura zuwa gonakin riɗi da tsohuwar motarsa, a-kori-kura da ake ce wa boksi. Mutum ne mai haƙuri, amma fa ban da a zagi motar nan. In ta tsaya, ko dai mai ne ba kyau, ko fasinja sun cika nauyi.

Wata safiya, ana tsakar yankan riɗi, ya murɗa makulli ta yi shiru. Ya kankare kan batir, ya goge fulogi, ya hura bututun mai har ya ƙware. Lebura suka tura ta har bakin kasuwa, ko tari ba ta yi ba.

Gado, maƙwabcinsa da kullum yake zama a kujerar gaba, ya leƙa injin ya ɗago wata waya.

"Yaya, ɓera ne ya cinye maka."

Fuskar Mijinyawa ta washe. "Alhamdulillahi. Ai na san ba halinta ba ne."

Ya ɗaure wayar, mota ta tashi. Washegari ya samo kyanwa ya ba ta kujerar gaba, Gado kuwa ya koma baya cikin lebura.