Cokalin Gishirin Baba Mai Murhu

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe ɗakin gwaji, kafin masu shara su iso. Ya rataye hularsa a ƙusa, ya wanke ɗan turmin dutse, ya niƙa garin ƙarafa har ya yi laushi kamar hoda, ya matse shi ƙwaya-ƙwaya, ya jera a murhun lantarki. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka. Mu da muka yi karatu a hannunsa Baba Mai Murhu muke ce masa. Manyan sashenmu na jami'a kuwa "kai, zo nan" ce sunansa a bakinsu.

Aikinmu ba shi da wuyar faɗa. A cikin irin wannan garin ƙarafa, ƙwayoyin zarra a jere suke kamar tubalan gini. In zafi ya kai wani mataki, sai jerin ya sauya tsari, halin abin ma ya sauya. Duk wahalarmu ita ce mu san a digiri nawa sauyin ke faruwa. Saboda haka in murhu ya yi ƙarya, kowa a ɗakin ya zama maƙaryaci.

Baba yana da wata al'ada da ake yi masa dariya a kanta. Duk Litinin sai ya sa cokali ɗaya na gishirin miya a murhu, ya tsaya yana leƙe. Gishiri a digiri ɗari takwas da ɗaya yake narkewa, in allon murhu ya nuna wani abu dabam, to allon ne ke da laifi. Farfesanmu kan ce a bar tsoho ya yi girkinsa.

Ina shekara ta uku a digirina, Farfesa ya riga ya sanar a taro cewa garin ƙarafanmu yana sauya tsari a ɗari bakwai da casa'in. Sai ga wata Litinin gishiri ya narke allo yana nuna ɗari bakwai da sittin. Ma'aunin zafin murhun ya tsufa, yana cinye wajen digiri arba'in. Baba ya je ofishin Farfesa, ya rufe ƙofa, ya faɗa masa a asirce. Farfesa ya ce ya koma ya ci gaba da gashi, ba a ɗauke shi don tunani ba. Ni ma na roƙi Baba ya ci gaba har da hawaye, don lokaci ya ƙure mini.

"'Yata," ya ce, "ba zan gasa miki ƙarya ba."

Ladan da ya samu takardar tuhuma ce, wai ya ƙetare iyakar aikinsa. Ƙarin girman da yake jira ya wuce shi a shekarar, damar ba ta sake dawowa ba. Da aka sauya ma'auni, sauyin ya fito a ɗari takwas da talatin. Da wannan lambar na ci digirina, da ita nake koyarwa yau. Kuma a lokacin ban buɗe baki na kare shi ba, tsoro ya hana ni. Kunyar wannan har yanzu tana cina.

Abin da ya fi ƙona mini rai, yanzu Farfesa da kansa yake koya wa ɗalibai gwajin gishiri, yana cewa dabararsa ce. Ko kunya babu. Takardar kuwa tana nan a fayil ɗin Baba, ranar Juma'a zai yi ritaya da ita. An tara kuɗi an saya masa agogon bango. Agogo, ga mutumin da bai taɓa makara ba!

Baba, kai ne ma'aunin ɗakin nan. Kai ne ka tsare mana gaskiya ranar da masu manyan digiri suka kau da kai. Na gode, Allah ya saka maka da alheri, ka kuma yafe mini shirun da na yi.

Ku shugabannin sashe, ku cire takardar nan kafin Juma'a. Na rubuta muku sau biyu kun yi kunnen uwar shegu, shi ya sa na fito fili. Ku masu tasowa, ku koyi gwada murhu kafin ku gaskata allo.

Jiya na gaya wa Baba duk wannan, ina huci. Gwangwanin gishirinsa ya ɗauko daga kanta, ya danƙa mini a hannu.

"Litinin mai zuwa ba na nan," ya ce. "Kada ki manta."