Damanar da Yaryaɗi ya Hau Geronmu

Wata safiyar Laraba ce, a tsakiyar damanar da kurkunu ya kwantar da Babanmu, ni da Yaya Hansai muka tsaya a bakin gonarmu ta bayan gari, can yankin Baure, muka ga ta yi shuɗi fes kamar an shanya turamen da aka rina da baba. Ni da ƙwaƙwalwata ba ta wuce ta ɗan tsako ba, har tafi na yi. Yaya Hansai ta kai mini ranƙwashi, ta ce, "Kai, sakarai, abincinmu ake shaƙewa kana tafi?"

Yaryaɗi ne. Tun da Baba ya kwanta ba a yi maimai ba, shi kuwa ya sami fili ya fito da ganyensa mai laushi da ɗan gashi, ya nannaɗe karan gero, ya tsallaka daga wannan zuwa wancan har ya haɗa su ya danne. Geron ya yi bununi, amma duk ya sunkuya. A gida kuwa rumbu ya kai ƙasa, Inna sai ta shiga ciki ta share da tsintsiya kafin a sami na kunu, sauran kuma kwaɗon tafasa ne safe da yamma, har cikina ya koyi kuka irin na kwaɗi. In wannan geron ya faɗi, babu wani a bayansa.

Muka afka masa da fizga. Ni dama ƙarfin banza ne jarina, makarantar boko ta gan ni ta sallame ni tun ban gama sanin baƙi ba. Duk jan da muka yi sai kara ya karye, kan gero ya biyo yaryaɗin ƙasa. Kafin rana ta take mun kwantar da kunya guda da hannunmu. Yaya Hansai ta zauna cikin kunyar ta ɗora hannu a ka tana ta kuka, ni kuma ina tattara kawunan da babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsu.

Da muka kai wa Baba labari, yana zaune a zaure, ƙafa a kumbure, yana naɗe farin zaren kurkunun a jikin ɗan tsinke, kaɗan-kaɗan, gumi na zuba. Bai yi faɗa ba, wanda ya fi duka ciwo. Ya nuna ƙafarsa ya ce, "Kun ga wannan? In na fizge shi ya tsinke a ciki, na shiga uku. Yaryaɗin ma haka yake. Ku bi shi zuwa gindi ku yanke, ku bar shi ya bushe a jikin karan. Kuma ku yi sammako, shuɗin furen nan shi zai tona masa asiri."

Haka ne kuwa. Furen da asuba yake buɗewa kamar bakin kakaki, da hantsi ya ɗaga sai ya sauya launi ya murɗe, yaryaɗin ya ɓace cikin kore. Muka koma rarrafe cikin raɓa, ciki babu komai, muna bin shuɗi da ido, muna lalubar gindi da yatsa, muna tsere da rana da kuma 'ya'yansa, don in suka nuna suka fashe, baƙin irin nan zai kwanta a ƙasa ya jira mu shekara da shekaru. Gwiwoyina suka saɓule. Ranar da muka iske gonar babu shuɗi, geron ya ɗago kai, Inna ta durƙusa a ƙasa ta daɗe ba ta tashi ba. Abin da muka girbe bai cika rumbu ba, amma ya kai mu gaba.

Yanzu ga ni a Daura wajen ɗana. Shari'a ta zo, kurkunu ya tafi, ciyawa kuma feshi ake yi mata. Matar ɗan nawa ta shuka yaryaɗi a jikin katanga wai ado ne, har ruwa take ba shi, a garin da ake sayen ruwa. Kullum in na dawo masallacin asuba sai in tsinci yatsuna suna lalubar gindinsa, jikata ta ƙwala kira, "Mama, ga Kaka zai kashe miki fulawa!" Sai in janye hannu in tsaya ina kallo. Ashe yana da kyau, yunwa ce ba ta bari na ƙara gani ba.