Tsohuwar Baturiya a Hanyar Maiyama

Lokacin da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama 'yan Kebbi, ina koyarwa ne a wata sakandare a can birni. Aka ce kowa ya tattara ya koma jiharsa, ni kuma aka turo ni Jega, garinmu. Abokan aikina da suka san hanya duk sun sami kujera a Birnin Kebbi, suna zuwa gida ranar Juma'a cikin motocin ofis. Ni kekena ma a gidan haya na baro shi, don ba shi da sarƙa.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya ga abin bai dace ba. Tsohon akawu ne na wani kamfanin sayen gyaɗa, kuma da Baturen da ya yi wa aiki zai koma ƙasarsu ya bar masa motarsa. Ƙirar Ingila ce, baƙa, mai ƙoƙon baya kamar kunkuru. Tun ina yaro na san ta a ƙarƙashin rumfar kara a bayan gidansa, awaki na kwana a inuwarta. Mutanen unguwa suna ce mata Tsohuwar Baturiya.

Ya kira ni ya ce, "Malamin makaranta a sabuwar jaha ba shi yawo ƙasa. Na ba ka ita."

Na yi godiya har da durƙusawa. Sai daga baya na ji cewa ya riga ya yi wa 'ya'yansa tayi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ci gaba da riƙon abarsa.

Muka turo ta garejin wani bakanike a bakin tasha, mutum mai surutu wanda ke cewa babu injin da ya taɓa gagarar sa. Ya ɗaga murfin gaba, ya leƙa. Ya ɗauko sufana ya gwada, ta yi yawa. Ya ɗauko ta ƙasa da ita, ta yi kaɗan. Ashe Turawan Ingila har notinsu ba irin na sauran jama'a ba ne.

Ya ce, "Malam, wagga ba ta gareji ba ta. Kai ta Aliero wurin masu ɗorin karaya."

Amma dai ya karɓe ta, don kada a ce ya tsere. Da guduma da kurfi ya kwance abin da zai kwantu. Abin da ya rasa a kasuwa ya sa maƙera suka ƙera. Bel ɗin fanka daga injin niƙa aka samo shi. Katakon da ke gaban direba, wanda kawu ke cewa itacen goro ne na Turai, gara ta cinye cikinsa ta bar fenti, sai kafinta ya maye shi da allon maɗaci. Ranar da ta tashi, hayaƙin da ta yi ya kori masu tsire daga bakin tasha, kawu kuwa ya tsaya cikin hayaƙin yana murmushi kamar an yi masa jika.

Na zauna da ita na koyi halinta. Ba ta son safiya, ba ta son ruwan sama, ba ta son a yi sauri, kuma ba ta son a tsaya. Duk inda ta kwana sai ta bar baƙin mai a ƙasa, har matata ta ce ko ba ta tambaya ba tana iya zagaya gari ta san gidajen da na je hira. Ba ta da fitilar nuna hannu irin ta motocin yanzu. Wani ɗan ƙarfe ne ke fitowa daga jikin ƙofa kamar yatsa, shi ma sai na doki ƙofar da gwiwar hannu. In batir ya mutu, akwai ƙarfen da ake zurawa ta hancinta a murɗa, wanda in ka yi sake ya dawo ya gaisa da haƙoranka.

Babbar matsalar ita ce sitiyarinta a dama yake. An ƙera ta tun muna bin hannun hagu, ƙasa ta canza hannu, ita ba ta ji labari ba. Don haka in babbar mota tana gabana, ba na ganin abin da ke zuwa. Dole sai wanda ke zaune a kujerar hagu ya leƙa ya gaya mini ko in wuce.

Ana cikin haka ƙanwata ta haihu a Maiyama. Kakata, mahaifiyar kawu, ta aiko cewa ita ba za ta shiga motar haya a matse ta da buhunan gero ba alhali mijinta yana da mota. Ni ne mijin. Tun ina cikin zanen goyo take kira na haka, ni kuma in ce na sake ta don ta tsufa. Ta kai shekarun da ba ta tsoron kowa, idonta ɗaya ya yi hazo, ɗayan kuma abin da ya ga dama yake gani.

Ranar suna da hantsi muka tashi. Matata da 'yar goyonmu a baya, tare da ƙwaryar tuwon madara da turmin atamfa da wani zakara da aka ɗaure wa ƙafa. Kaka ta ce ita gaba za ta zauna, amarya ba ta zama baya. Na yi ta roƙo a bar matata a gaba saboda leƙen hanya, ta ce ita ta ga hanyar nan tun ba a zuba mata kwalta ba.

Mun haye gadar bakin gari kenan muka tarar da shingen 'yan sanda. Wani ɗan sanda matashi, sabon zuwa, da ganinsa ba ɗan ƙasar nan ba ne, ya ɗaga hannu. Na taka birki tun daga nesa, don birkinta sai an ba shi lokaci ya yi shawara. Ya tako da izza ya nufi tagar hagu, inda ya saba samun direba, ya sunkuya ya miƙa hannu yana cewa a ba shi lasin. Sai ya yi ido biyu da tsohuwa mai lulluɓi, bakinta ja da goro.

Ya ja da baya. Ya sake leƙawa. Ya ce, "Mama, ke ce direba?"

Ta ce, "To wa kag gani?"

"Ina sitiyarinki?"

"Na ba yaro shi riƙa mini, hannuna na ciwo."

Na buɗe baki zan yi bayani, ta ce in yi shiru manya na magana. Ɗan sandan ya zagayo wajena, ya ga sitiyari, ya koma wajenta, ya sake zagayowa. Wani tsohon saje da ke zaune a gindin bedi ya san motar tun tana hannun kawu, dariya ta hana shi tashi, da hannu kawai ya yi alamar a ɗaga shinge. Kaka ta ciro goro ta miƙa wa yaron, ta ce ya riƙa cin abinci, ya rame.

Gaba kaɗan muka cim ma wata babbar mota da ta ɗauko albasa, tana tafiya kamar mai jin barci, tana zuba mana hayaƙi. Na ce, "Kaka, leƙa mini, akwai abin da ke zuwa?"

Ta leƙa da kyau ta ce, "Babu kowa, wuce."

Na doki ƙofa, yatsan ya fito, na karkata. Ina fitowa na ga motar haya ta cika hanya tana walƙa mini fitila. Na koma da gudu, zakara ya yi kuka, matata ta yi salati.

Na ce, "Kin ce babu kowa!"

Ta ce, "Ai na gan ta. Na zaci jaki na."

Daga nan ban sake tambaya ba. Muka bi motar albasar nan a baya muna shan hayaƙi, kaka na ba mu labarin yadda Baturen ke tuƙa wannan motar da farar safar hannu, ba irin tuƙin wasu ba.

Kusa da Giwa Tazo hadari ya taso. Ba wani ruwan kirki aka yi ba, yayyafi ne wanda ko kaza ba za ta fake ba. Tsohuwar Baturiya ta yi tari, ta yi atishawa, ta mutu a tsakiyar hanya. Na sauka na ɗaga murfi, na goge abin da bakanike ya ce in riƙa gogewa. Na murɗa ƙarfen hanci har babbar rigata ta suna ta jiƙe da gumi da baƙin mai. Ko motsi.

Wani dattijon Bafillace ya fito daga gona da bijimai biyu na noma, ya tsaya yana kallon mu. Muka gaisa. Ya zagaya motar, ya tambaya ko tana cizo. Kaka ta leƙo ta yi masa magana da ɗan Fulatancin da ta tsinta a kasuwa, ban san me ta ce ba, amma ya yi dariya ya kwance igiya ya ɗaura a ƙarfen gabanmu. Haka muka kama hanyar Maiyama, bijimai a gaba, ni ina riƙe da sitiyari kamar ina da wani amfani. Matata ta rufe fuska da mayafi. Kaka ta ce tunda muka baro Jega ba ta ji daɗin tafiya ba sai yanzu, babu hayaƙi, babu girgiza.

Mun iso an daɗe da raɗa suna, an yanka rago, har maroƙa sun fara watsewa. Da suka hango mu suka dawo. Mijin ƙanwata ya fito da manyan baƙinsa, cikinsu har da biyu daga abokaina na Birnin Kebbi, kowa ya tsaya a ƙofar gida. Ɗaya daga cikinsu ya matso ya tambaye ni, cikin ladabi, ko ciyawa nawa take sha a mil. Kaka ta sauko a hankali, ta gyara lulluɓi, ta ce wa mata a kai wa direbobinta ruwa da dusa.

Komawa ma wani aiki ne. Washegari motar ta ƙi tashi ko da rana ta buɗe. Aka samu wani direban babbar mota ɗan Aliero da ya sauke kaya zai koma wofi, matasa suka taru da katako suka tura ta sama. Ni da matata muka shiga gaba wajen direba. Kaka ta ce ita a motar mijinta ta zo, a cikinta za ta koma. Aka ɗaga ta aka sa. Haka muka shiga Jega ranar kasuwa, mota bisa mota, tsohuwa a can sama tana amsa gaisuwar mutane ta taga. Kawu ya tarbe mu a tasha, ya tambayi lafiyar motar, ya shafa ta, sannan ya tuna ya gai da uwarsa.

Na ƙara damina biyu da ita. Na yi suna a makaranta, yara sun san in an yi hadari darasin farko babu malami. A ƙarshe wani manomin albasa na Aliero ya zo ya ce injin yake so, zai haɗa shi da famfo ya riƙa jan ruwa a fadama. Na je na nemi izinin kawu ina fargaba. Ya ce a ba shi, amma zai je ya gani da idonsa ko ana kula da ita.

Ya kuwa je, da rani, a motar haya. Ya dawo da yamma da ƙullin albasa, ya same ni a ƙofar gida. Ya ce ya tarar da injin a bakin rijiya ƙarƙashin 'yar rumfa, yana ta aiki tun safe, manomin ya rantse masa bai taɓa tsayawa ba.

Na ce, "Ko sau ɗaya?"

Ya ce, "Ko sau guda. Halama dai kai na ba ta so."