Yadda Na Raka Firji Zuwa Argungu

Talata: Birnin Kebbi

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Talata, ina shafa addu'a ke nan, na ji hon ɗin a-kori-kura a ƙofar asibitinmu. Asibitin ƙarami ne, ɗaki huɗu da rumfa, can gefen Birnin Kebbi ta wajen fadama, kuma ni ke shugabancinsa shekara tara ke nan. Motar ba majinyaci ta kawo ba. Firjinmu ta zo ɗauka.

Ga wanda bai san aikinmu ba, bari in warware masa. An kafa wani kwamitin haɗin gwiwa, 'yan siyasa da likitoci, don gyara lafiyar birni da kewaye, kuma kwamitin ya ce zai zagaya ya gani da idonsa. Mu kuwa muna da abin da muke kira aron kwalliya: in manya za su duba asibiti, sai a aro abin da babu daga inda akwai, a jera, su gani, su yaba, a mayar. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. Asibiti uku aka zaɓa, duk ukun ba mai firjin ajiye allurar rigakafi. Mu ke da shi, mai aiki da hasken rana, don haka shugaban sashenmu ya bugo waya ya ce in ba da aro na yini ɗaya tak. Na ce masa Alhamis muna da rigakafi, ga ƙyanda ta fara leƙo unguwar masunta. Ya ce ai Alhamis da nisa.

Sista Rifkatu, mataimakiyata, 'yar Filato ce da ta shekara ashirin a Kebbi ba ta koyi ɓoye fushi ba. Ita ta kwashe kwalaben allura ta jera a akwatin ƙanƙara, tana yi tana tsaki.

"Oga, ƙanƙaran nan ba zai wuce gobe da yamma ba," in ji ta. "Kuma ka tuna da Hauwa'u."

Ban manta ba. Hauwa'u matar wani manomin shinkafa ce, a ƙafa take takowa daga fadama goye da ɗanta Sanusi, ɗan wata tara. Sau biyu tana zuwa allurar ƙyanda. Na farko allura ba ta iso ba, na biyu yara ba su cika adadin da ake fasa kwalba ba. Da bakina na ce mata ta dawo Alhamis, har na haɗa da rantsuwa. Wannan rantsuwa ce ta sa na haye bayan motar, na ce inda firjin nan ya sa ƙafa nan zan sa tawa.

Direban, Mani, mutumin Augie ne, kuma ya ce wannan ne karo na huɗu da yake jigilar kwalliya. Bayan firji, a motar akwai gado biyu, da fararen zannuwa, da sikelin awon jarirai, da tukwanen fulawa shida.

"Malam, hwaɗa mini gaskiya, wanga hirji shina aiki kuwa?"

Na ce ƙwarai.

"To shi na na hwarko. Na bara kwali muka cika shi da shi."

Ƙarfe shida da minti goma muka sauke kaya a asibitin farko, cikin gari. Aka kafa firjin a kusurwa, aka tura wayarsa bayan kabad inda babu ko soket, aka yafa masa shuɗin ƙyalle don rufe rubutun Sista Rifkatu da ke murfinsa: A RUFE DA SAURI. Na karya da kunu da ƙosai a bakin titi, na zauna jira.

An ce kwamiti zai iso ƙarfe takwas. Sha ɗaya saura minti ashirin ya iso, mota bakwai. Shugabanni biyu gare shi. Akwai Onorabul, wanda yaransa ke yi wa kirari da Sarkin Aiki, mutum mai yalwar murya da yalwar riga. Akwai Dakta Saratu, babbar likita, siririya mai tabarau, wadda ta koyar da ni a wani kwas kuma ban taɓa ganin haƙorinta ba. Haɗin gwiwar ya fara ne tun daga ƙofa, inda aka tsaya minti biyar ana shawarar wa zai fara shiga. Onorabul ya ce shi jama'a suka zaɓa. Dakta ta ce ita cuta ta sani. Ƙarshe mai hoto ya raba gardama, ya ce su shiga kafaɗa da kafaɗa, ƙofar kuwa ba ta ɗauka ba.

Onorabul ya ɗora tafinsa a kan firjin da ya yi awa biyar ba wuta, a tsakiyar bazara, ya lumshe ido.

"Sanyi ƙalau," in ji shi. Aka tafa.

Dakta ta nemi a buɗe. Shugaban asibitin ya ce mai makulli ya tafi jana'iza. Firjina ba shi da makulli, kunya ta kama ni kamar ni na yi ƙaryar.

Zauro

Dabarar aron kwalliya tana ga tsawon jawabi. Tun jiya aka roƙi mai unguwa ya ja nasa, shi kuwa bawan Allah ya faro daga zamanin da aka haƙa rijiyar farko. Yana kan labarin kakansa muka fitar da kaya ta ƙofar baya. Sha ɗaya da rabi muka kama hanyar Argungu.

Hagu da hanya fadama ce shimfiɗe, shinkafar rani ta yi zangarniya, injinan ban-ruwa na ta kuka. A shingen farko wani jami'i ya leƙo bayan mota, ya dubi kayan, ya dube ni.

"Manya na tahe ke nan?"

Mani ya ce suna baya.

"Ai na gane tukwanen hulawa. Ku wuce, Allah shi ba da sa'a."

Kafin sha biyu muka isa wani ɗan asibiti a ƙauyen da ke gefen Zauro. Nan jan ƙyalle aka yafa wa firjin. Gadajen suka sami majinyata nan take, don wasu dattawa biyu da suka zo da ciwon baya na gaske sun ga katifa sun haye. Ɗayansu ya ce tun da aka gina wurin bai taɓa jin daɗinsa kamar yau ba. Bai san awa biyu aka ba shi ba.

Kwamiti ya iso ɗaya da kwata. A hanya, in ji direbobi, an sake saɓawa: Dakta na son a rubuta ƙarancin ma'aikata a sahun farko na rahoto, Onorabul na son a fara da godiya ga gwamnati. Ya sake dafa firji, ya sake jin sanyi. Dakta kuwa ta ɗaga gefen ƙyallen da bakin bironta, ta karanta rubutun Sista Rifkatu, ta saki. Ta waiwayo ta same ni a raɓe jikin taga.

"Malam Garba, me ya kawo ka Zauro?"

"Ranki ya daɗe, rakiya na yi."

"Na ga alama," ta ce, ta rubuta wani abu a littafinta.

Zuciyata ta yi fari. Na ce yau asirin kwalliya ya tonu, gobe kowane asibiti zai sami nasa. Har na ci tuwon shinkafa da miyar kuka da marmari, a tsaye, ana sauko da dattawan nan daga gado.

Argungu

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai ce, amma mu da tsaye-tsayenmu sai uku da rabi muka shiga. Asibiti na uku yana bayan gari, an shafe shi da sabon fenti har kan ganyen bishiyar ƙofa. Nan ba ƙyalle aka yafa ba. Wani ya zo da soso da kananzir ya goge rubutun Sista Rifkatu tas, aka ɗaura wa firjin kirtani mai launin tuta. Na tambayi dalili, aka ce ado ne.

Kwamiti bai iso ba. An tsaya cin kifi a gidan wani jigon siyasa, aka ɗage zuwa safiya. Yini ɗaya tak ya zama biyu. Na bugo wa Sista, ta ce ƙanƙara ta fara zama ruwa. Ma'aikacin wurin ya ba ni masauki a ɗakin awo, bisa ɗaya daga gadajen aro, ya kawo mini gasasshen kifi da albasa. Kifin Argungu ba ya buƙatar yabona, amma ranar ban ji ɗanɗanonsa ba.

Laraba: Argungu

Ƙarfe goma aka fara taro a ƙarƙashin rumfa. Dakta ta yi jawabi kan muhimmancin ajiye allura cikin sanyi, jawabi mai kyau, irin wanda ta koya mana. Sai Onorabul ya miƙe. Ya ce ya zagaya asibiti uku, kuma alhamdu lillahi kowanne ya tarar da firji garau, don haka buƙatar firji da likitoci suka rubuta an cire ta, za a karkata ga gina ƙofofin shiga masu ɗauke da suna. Daga nan aka miƙa masa almakashi. Ina tsaye ina kallo ya yanke kirtani, ya ƙaddamar da firjina a matsayin gudummawarsa ga mutanen Argungu.

Ban san lokacin da na kutsa ba. Na same su a ofis su biyu, ana zuba musu lemo. Na durƙusa na gaishe su, na ce firjin nan namu ne, shi ne na cikin gari, shi ne na Zauro, kuma gobe mata za su zo da 'ya'yansu.

Onorabul ya yi dariya har da buga ƙafa.

"Malam, kai kana tsammanin ban gane shi ba? Motar da tad ɗauko shi wa yaz zuba mata mai? Ni na. Amma an riga an ɗauki hoto. In anka ga babu shi gobe, mi za a ce da ni?"

Na juya wajen Dakta. Ita ce fatana, ita da littafinta.

Ta cire tabarau ta goge. "Malam Garba, wata shida ina roƙon a ɗauki ungozoma goma. Ɗazu Onorabul ya amince da huɗu. In na rubuta maganar firji, huɗun ma sun tafi. Ka yi haƙuri ya ɗan zauna nan, mako biyu ko uku, har ƙura ta lafa."

"Ka ji ko?" in ji Onorabul. "Ni da Dakta bakinmu ɗaya."

Gaskiya ya faɗa. Kwana biyu ina biye da su, ban ga sun yarda da juna kan ƙofa ko kujera ko sahun rahoto ba, sai a kan firjina. Na so in yi faɗa, na tuna saura shekara uku in yi ritaya, na ce Allah ya ƙara girma. Wannan kalma har yau tana ci mini rai.

Mani ya riga ya wuce Augie da gadaje da fulawa, can ma ana jiran wasu manyan. Na je tasha na shiga motar haya, mu huɗu a baya da buhun albasa a kan ƙafata. Biyu da minti ashirin muka tashi, huɗu saura kwata na sauka Birnin Kebbi, na hau keke mai ƙafa uku zuwa asibiti.

Sista Rifkatu ta fi ni hankali. Tun azahar, kafin sanyi ya ƙare, ta mayar da allurai babban sito. Ta nuna mini kusurwar da firji yake, da alamar ƙafafunsa huɗu a siminti.

"Oga, na tambayi 'yan sito ko za su ba mu allurar da safe a akwati. Sun ce motar rabo tana bin kwamiti, kuma asibitin da ba firji ba a ba shi ya ajiye. Na ce to a ba mu firji. Sun duba takarda, sun ce muna da shi."

Alhamis: gida

Ƙarfe bakwai rumfa ta cika da mata. Na fito na ba da haƙuri, suka watse suna gunaguni, wanda kuma haƙƙinsu ne. Hauwa'u ce ba ta tashi ba. Ƙafafunta duk taɓon fadama, Sanusi na bayanta yana wasa da bakin mayafinta.

"Malam, kai kac ce in zaka yau. Har rantsuwa ka yi."

Na ce na yi.

"Ɗiyan maƙwabciyata biyu na kwance da ƙyanda. Na ji ga rediyo an ce an kai sabon hirji Argungu. In na samu kuɗin mota in kai shi can, za su yi mai?"

Ni na san abin da ke cikin firjin Argungu, don ni na raka shi. Babu komai sai iska mai zafi. Na ce mata kada ta je. Na ɗauko babur ɗina, na ce ta hau mu nemi inda ake yi a cikin gari, Sista ta riƙe asibiti. Wuri biyu muka je, aka ce ranar rigakafinsu ta wuce, sai mako mai zuwa. Na mayar da ita har bakin fadama. Da ta sauka ta yi mini godiya, ta ce Allah ya saka, kuma da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Na dawo gida lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa Mani da ya tuƙa mu ba tare da ya fasa tukunya ko ɗaya ba, da ma'aikacin Argungu da ya ba ni kifi da gado. Ina gode wa Onorabul da Dakta Saratu, da suka nuna mana cewa siyasa da likitanci na iya haɗa kai in an sami abin da za a rufe. Rahotonsu ya fito, kuma a cikinsa firjina yana aiki a asibiti huɗu.

Hauwa'u ba ta zo ba mako na gaba. Na aika a tambaya, aka ce Sanusi na kwance, jikinsa ya feso.