Yadda Aka Goge wa Kaka Zanen Fuskarta

Abin da na fara gani da muka shiga shagon shi ne faifan bidiyo a ƙarƙashin kofin shayi. Shayin da ya zuba ya bushe a kansa, ya bar da'ira mai ɗanƙo, amma ana iya karanta abin da aka rubuta da jan biro: walima. Walimar wasu mutane ce ta koma mazaunin kofi. Na kalli Kawu ko ya gani. Bai gani ba, hankalinsa yana kan ƙaton allon kwamfuta da fitilu masu canja launi da aka zagaye shi da su.

Daga Kurfi muka taso zuwa Dutsin-Ma a bayan babur ɗinsa, saboda Inna, mahaifiyata, ta matsa a zuba mata bidiyon Kaka a faifai. Kaka ta rasu ƙarshen damina. Hotonta mai motsi ɗaya ne a duniya, wanda Kawu ya ɗauka da wayarsa ranar sunan ɗansa a Wurma: tana zaune a tabarma tana dama fura, tana yi wa masu wucewa tsiya. Inna ba ta da babbar waya, sai talabijin da na'urar faifai. Kawu kuwa ya ƙudura zai yi musayar wayar da sabuwa ranar kasuwa, kuma mai karɓa zai share duk abin da ke ciki. Ni an haɗo ni da shi ne don kawai in riƙe faifan kada ya karce a hanya.

Mai shagon ya sha baƙin gilashi a cikin ɗakin da ko taga babu. Kawu ya ce masa Injiniya, shi kuma ya amsa kamar da sunan aka yanka masa rago.

"Alhaji, kawo wayar. Duk Dutsin-Ma ba mai yi maka aikin da zan yi."

Ya laluba cikin akwatin tebur neman kebul, ya fito da cokali, da batir, da guntun rake. Sai ya ce ba komai, a tura masa ta data. Haka Kawu ya tura masa Kaka kamar yadda ake tura gaisuwar Juma'a. Da ta bayyana a babban allon sai na ga kamar an shafa mata ruwa. Saƙar faifan da ta rufe ƙwarya da shi ta narke, ta zama tabo mai ruwan ƙasa. Wayar Kawu tana nan a gefen kofin shayin, bidiyon yana tafiya, kuma a can kowane zare na saƙar yana fitowa.

Ban ce komai ba. A lokacin ko a aji malami ya kira ni, muryata ba ta kai bencin gaba.

Kawu ya ɗauki bidiyon ne da waya a tsaye, don haka hoton ya tsaya siriri a tsakiyar allo, baƙi hagu da dama. Injiniya ya tsuke baki.

"Wannan baƙin ai asarar talabijin ne. Bari in cika maka shi."

Ya ja gefen hoton har ya taɓo bango biyu. Kaka, wadda zobe yake zame mata daga yatsa saboda rama, ta koma faffaɗa, kanta kamar an zauna a kai. Ƙwaryar furar ta zama akushi.

"Kai, Iya ta yi ƙiba!" in ji Kawu, yana dariya.

"Ai hutu ne, Alhaji. Tsaya ma ka gani, yanzu zan wanke ta."

Wankin nan shi ne abin da ba zan manta ba. Kaka tana da zane a kumatu, sirara, sun taso daga gefen baki sun nufi kunne. Ina ƙarama nakan kwanta a cinyarta in bi su da yatsa, ita kuma ta ce in bi a hankali kada in ɓata hanya in faɗa kunne. In ta yi dariya sai su tattaru wuri ɗaya. Injiniya ya danna wani abu, ya ja shi har ƙarshe. Zanen ya dushe, ya dushe, ya tafi. Kumatun suka yi sumul kamar cikin tangaran. Haƙoranta da goro ya rina ja tun kafin a haifi Inna suka yi fari fat.

"Ka gani? Na cire mata duk ƙurajen nan da tabo."

Ƙuraje. Mutumin da aka haifa a ƙasar nan, ya ga zanen gado ya ce ƙuraje. Na dubi kumatunsa ta gefen gilashin, na ga shi ma akwai nasa, 'yan gajeru, ya bar gemu ya rufe su.

Na juya wurin Kawu. Na ɗauka zai hana. Sai ya ce, "Ikon Allah. Ta koma budurwa."

Daga nan Injiniya ya saki jiki. Ya sa furanni suna zubowa daga sama suna sauka a cikin furar. Ya sa tantabaru biyu suna ɗauke da wata zuciya mai bugawa. Duk sanda Kaka ta juya kai, hoton ya wulwula kamar fanka ya dawo. Sannan ya ce hayaniya ta yi yawa, ya sauke sautin gidan sunan gaba ɗaya, ya ɗora waƙar soyayya. A daidai wurin nan ne Kaka take kirana, take cewa, "Ke mai shiru, zo ki karɓi ludayi." A allonsa bakinta yana motsi, wata mata tana rera kewar masoyi.

"Da sauran fili a faifan," in ji shi. "In ƙara maka wa'azi da wasan dariya? Sai in matse na tsohuwar kaɗan, duk su shiga."

"Matse, Injiniya. Kai ka san aikinka."

Ya matse. Ban san abin da matsewar take yi ba, amma na ga sakamakonta. In Kaka ta ɗaga hannu, hannun ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai, sai ta tsaya cik sannan su haɗu. Ya ciro faifan, ya hura masa iska, ya goga a gaban rigarsa, ya miƙo mini da yatsunsa a kan ƙyallin.

Da la'asar aka taru a ɗakin Inna. Maƙwabta suka shigo, yara suka cika bakin ƙofa. Da furannin suka fara zuba aka ɗauki shewa.

"Wai! Kamar a fim!"

"Dubi yadda ta yi haske. Alamar kyakkyawan ƙarshe ke nan," in ji matar maƙwabcinmu, wadda har Kaka ta bar duniya ba ta taɓa leƙowa gaishe ta ba.

Kawu yana tsaye a jikin ƙofa yana karɓar yabo kamar shi ya ƙera tantabarun. Wani yaro ya ce a wuce zuwa wasan dariyar. Aka yi masa tsawa, amma ba da ƙarfi ba.

Ni Inna nake kallo. Ta matso gaban talabijin har gwiwarta tana taɓa teburin. Ba ta yi kuka ba, da kukan ma ta yi da ya fi. Idonta yana yawo a kan faffaɗar fuskar nan, daga baki zuwa kunne, daga kunne zuwa baki. Can ta ɗaga hannu ta shafa nata kumatun, ta tashi ta ce za ta duba tukunya. Na san ba a ɗora komai a murhu ba.

Kawu ya fita tsakar gida yana tura babur. Na ji yana gaya wa Baba, mahaifina, cewa gobe da sassafe zai kai wayar, tunda yanzu an adana Iya a wurin da ba za ta ɓace ba.

Wayar tana aljihun gaban rigarsa, kanta ya leƙo. Duk abin da ya rage na ainihin Kaka yana cikin aljihun nan: zanen, jan haƙoran, da muryar da take kirana. Gobe wani a kasuwa zai danna abu ɗaya, shi ke nan, sai matar tangaran ta zama ita ce kakarmu har a wurin ƙannena da ba su yi wayo da ita ba.

Ban taɓa yi wa Kawu maganar da ta wuce gaisuwa ba. Na shiga ɗaki na buɗe 'yar rediyon Inna, na zare memorin da take jin karatu da shi. Na sami Kawu a zaure har ya ɗora ƙafa zai tayar da babur. Na durƙusa, na miƙa hannu biyu.

"Mi ne ne kuma, mai shiru?"

"Kawu, don Allah kafin ka ba da wayar, ka sa wannan a ciki ka zuba mana Kaka yadda take. Kai da kanka, kada a kai wa Injiniya. Kada a gyara mata komai."