Mardiyya da Takardar Dutsin Manzo

Mardiyya ɗiyar Issa ce, mai noman albasa a fadamar Ibohamane, kuma ita ce mace ta farko a zuri'ar da ta ci jarrabawar bak ta wuce jami'a. Tun tana ƙaramar lakwal, wato firamare, aka san bakinta. In mata sun yi gardama a bakin rijiya kan wadda ta riga zuwa, sai ta tsaya da tulunta ta jera musu yadda suka zo ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tambaye ta. Uwarta Furera takan ce yarinyar nan ko dai ta zama alƙali ko ta sha duka. Ta yi shekara uku a Tahoua tana karatun doka, ta fito da digirin lisansi, aka yanka akuya a gida.

Bayan akuyar sai shiru.

Ta zauna a Madaoua gidan ƙanwar ubanta, Goggo Murja, tana neman aiki. Wata goma sha huɗu tana yawo da dosiye cikin koriyar leda, har gefen takardun ya yi baƙi. Duk biro, wato ofis, da ta shiga tambayar ɗaya ce: ina kika taɓa aiki? In ta ce ba ta taɓa ba, sai a ce ta aje dosiye, za a kira ta. Ba a taɓa kira ba.

A tsakiyar damina aka yi wa mijin Goggo afektasiyo, canjin wurin aiki, zuwa Agadez. Ƙarshen wata za su kwashe kaya, kuma Mardiyya ba ta da wani gidan da za ta zauna a garin in ba da aiki a hannu ba. Ubanta ya kira ta a waya ya ce, "In babu, ki taho gida, ɗiyata. Albasa ba ta tambayar diploma." Da wasa ya faɗa, amma ranar ba ta iya cin tuwo ba.

Saura kwana tara ta koma biron Metir Barmo, karo na huɗu. Usiye ne, wato mai kai wa mutane takardun kotu, ya kuma je ya gani da idonsa ya rubuta wa alƙali abin da ya gani. Ta tarar yana yi wa magatakardansa Ridwan faɗa.

"Sau biyu! Sau biyu ka sha mini esansin mota ka dawo hannu banza!"

"Metir, tsohuwar gidan da bakinta ta ce ba ta san shi ba. Maƙwabta ma haka. Ni ina zan samo shi?"

Metir ya juyo ya gan ta tsaye a bakin ƙofa. "Madamuwazel, ke kuma? Na gaya miki ba ni da lokacin koya wa mutum aiki."

"Metir," in ji ta, "in kowa ya ce haka, a ina ake taɓa aikin?"

Ya dube ta ta saman tabarau. Sannan ya zaro takarda daga cikin dosiye ya aje a bakin teburi. Rikicin iyakar gona ne a wani ƙauye da ake kira Dutsin Manzo, bayan Allakaye. Alƙali ya umarci Metir ya je ya duba iyakar, amma sai an nuna cewa an sanar da wanda ake ƙara, Alƙasim Umar, hannu da hannu. Gobe ce ranar ƙarshe. In ta wuce, sai a ɗage komai, alƙali kuma ya riga ya yi gargaɗi sau ɗaya.

Metir ya ce, "Gida ne mai aduwa a ƙofa, gabas da masallaci. Ki kawo mini sa hannunsa ko yatsansa kafin in rufe biro gobe, Litinin ki zauna a teburin can. In ba haka ba, kada in sake ganin koriyar ledar nan."

Ridwan, wanda a Yamai ya girma, ya yi ƴar dariya. "Allah ya ba da sa'a, madam alƙali."

Da sassafe ta shiga motar Bouza. Daga Bouza ta hau kabu-kabun wani magidanci mai suna Mahamud. Tun suna hawan tudu yake waiwayar gabas, inda hadari ya fara haɗuwa.

"Malama, in ruwan can ya zuba bisa duwatsu, ƙorama za ta kawo. In ta kawo, sai gobe."

"Ba zan daɗe ba."

"Haka ɗan birnin nan mai takarda ya ce rannan."

Sun iso da hantsi. Maza duk suna gona, ana noman maimai. Ta ga aduwar, ta gyara mayafi, ta yi sallama ta shiga. Wata tsohuwa na zaune a inuwar rumbu tana tsince yakuwa, wata matashiya kuma na daka a gefe. Mardiyya ta tsaya a tsakar gida. A hanya ta yi ta tunanin yadda ma'aikaci na gaske yake yi, don kada a gane sabuwa ce. Saboda haka ta gaisa a tsaye, a taƙaice, ta buɗe takarda ta karanta da ƙarfi kamar yadda ta ji Metir yana yi.

"Nan ne gidan Alƙasim Umar?"

Daka ya tsaya. Matashiyar ta sunkuyar da kai. Tsohuwa ta juya fuska wajen danga.

"Ba mu san shi ba nan."

"Inna, ga aduwa a ƙofa, an ce mini..."

"Na ce miki ban san shi ba."

Ta fita. Ta tambayi wani mai ɗinkin takalma a gindin masallaci, ya dubi takardar hannunta ya ce shi baƙo ne. Ta tambayi mata biyu da ke dawowa daga rijiya, suka ce ƙauyen nan babu mai wannan suna. Iska ta fara kaɗa ganyen gero, mai sanyi, mai ƙanshin ruwa. Mahamud ya tada babur.

"Hau mu tahi. Ba ke kaɗai anka yi ma haka ba."

Ta ɗora ƙafa ɗaya, ta tsaya. Fuskar tsohuwar ce ta ƙi barin idonta. Wanda bai san mutum ba yakan dube ka ya ce waye shi, ɗan wa ne. Wannan kuwa kau da kai ta yi, kamar an watsa mata ruwan zafi. Mardiyya ta san wannan kau da kan. Haka kakarta ta Ibohamane take yi duk sanda baƙo ya ambaci Issa a gabanta, domin shi ne ɗanta na fari. Har ta bar duniya ba ta faɗi sunansa ba, ba ta kuma amsa in an faɗa. Matashiyar da ta sunkuya kuwa, ai mace ba ta kiran sunan mijinta.

Kunya ta rufe ta. Ta shiga gidan mutane ta jefa wa uwa sunan ɗan farinta a fuska, a tsaye, ita da ta tashi a gindin kaka.

"Ba ni minti goma."

"Malama, dubi sama!"

Ta cusa takardar cikin leda, ta koma. Wannan karon ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa har ƙasa, ta gaida tsohuwa da kwana, da gajiya, da damina, da ƙafa, da jikoki. Tsohuwa tana amsawa a daƙile.

"Inna, ki gafarce ni. Na yi rashin hankali ɗazu. Karatu ya sa na mance tarbiyya."

Tsohuwa ta dube ta a karon farko. "Ke ɗiyar ina ta?"

"Ibohamane. Jikar Fatsima mai man gyaɗa."

"To, ashe kina da gida." Ta ɗaga murya. "Ke, kawo ma baƙuwa ruwa."

Aka kawo fura a ƙwarya. Tsawa ta yi ƙara daga nesa, Mahamud na ta danna odar babur a waje, amma Mardiyya ta sha a hankali, ludayi uku, ta aje.

"Inna, babban gidan ga nike biɗa. Yana kusa?"

Tsohuwa ta ci gaba da tsince yakuwa kamar ba ta ji ba. Can ta ce wa matashiyar, "Tahi gonar tudu ki ce ma wancan ana sallama."

Jiran nan ya fi komai tsawo. Yayyafi ya fara. Sai ga wani dogon mutum da hauya a kafaɗa, laka har gwiwa. Yaran unguwa na gaishe shi da Nomau, kuma da wannan sunan ƙauyen duka ya san shi. Da ya ga hatimi a kan takarda, fuskarsa ta canja.

"Ke ma su sunka aiko ki? Gonar ubana za a karɓe da takarda? Wallahi ba ni sa hannu!"

"Kawu, saurara mini." Ta nuna masa takardar. "Takardar ga ba hukunci ba ce. Kira ne. Ranar Alhamis ta sama za a zo a duba iyaka. In ka sa hannu, ka ce ka ji ne kawai, kuma za ka tsaya a gonarka ka nuna inda ubanka ya dasa gamba, ka kawo dattawan da sunka gani. In kana ɓoyo, wata rana za a zo a auna ba ka nan, mai ƙara shi kaɗai zai nuna."

"Ƙarya ta ƴan birni!"

"Kira duk wanda ka yarda da shi ya karanta maka. In akwai kalma ɗaya da na ƙara, yaga ta."

Ya tsaya yana huci, ruwa na ɗiga daga malafarsa. Ba mai karatun faransanci a kusa, kowa ya san haka. Tsohuwa ba ta dube shi ba. Rumbu ta fuskanta, ta yi magana kamar da rumbun take.

"A gaya ma wancan, yarinyar ga ta sha ruwan gidan ga, kuma ta durƙusa. Wanda yat taho rannan bai durƙusa ba. In gonar tashi ta, shi tsaya bakinta a gan shi."

Mutumin ya jingine hauya. Mardiyya ta buɗe tawada, ya danna babban yatsa, ta rubuta rana da wuri, ta ba shi kwafinsa. Ta naɗe nata cikin leda sau biyu ta cusa a ƙirji.

Sun tarar da ƙorama ta fara kawowa, ja wur, tana ɗauke da kara. Mahamud ya sauka yana tura babur yana salati, ita tana biye, ruwa har cinya, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Takalminta ɗaya ya tafi. A Bouza ta sami motar ƙarshe, ta zauna a baya kan buhun gawayi.

Metir Barmo yana saka makulli a ƙofa ta iso, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya buɗe takardar a tsaye, ya duba yatsan, ya duba kwanan wata. Ridwan ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Ina kika same shi? Tsohuwar ta ce..."

"Uwarsa ce," in ji Mardiyya.

Metir ya ninke takardar. "Kin manta ba ki rubuta ƙarfe nawa ba. A aikin nan awa ma shaida ce. Ƙarfe nawa ne?"

"Sha biyu da kwata, Metir."

Ya miƙa mata biki, alƙalamin rubutu. Ta dafa takardar a jikin bango ta rubuta.

"Litinin, ƙarfe takwas. Wata uku na gwaji. Alhamis kuma da ke za mu Dutsin Manzo, ke za ki shiga gaba."

Ta ce to. Sai da motarsa ta sha kwana sannan ta zauna a kan dakalin biron, ta cire ragowar takalmin.